Haƙorin Da Ya Faɗi Da Waɗanda Suka Rage

A Amurka haƙorin yaro yana da farashi, kuma akwai masu bin diddigin farashin kowace shekara. Tun 1998 kamfanin inshorar haƙori na Delta Dental yake tambayar iyaye nawa suke ajiye wa 'ya'yansu idan haƙorin nono ya faɗi. A shekarar farko matsakaicin abin da ake bayarwa dala 1.30 ne. Zuwa 2023 ya kai dala 6.23, a 2024 ya sauko 5.84, a 2025 kuma 5.01. Kamfanin har yakan jera wannan lissafi kusa da na kasuwar hannun jari, wai a ga ko tafiyarsu ɗaya. Yadda ake yi shi ne, yaro ya sa haƙorin da ya fita a ƙarƙashin matashinsa ya kwanta. Idan barci ya kwashe shi, uwa ko uba ya lallaɓo ya zare haƙorin ya ajiye kuɗi. Gari na wayewa sai a ce masa aljanar haƙori ce ta zo, wata 'yar halitta mai fukafukai da ke yawon dare tana karɓar haƙoran yara. Da a can abin ya tsaya, da ba ruwan jaridar Hausa da shi. To amma katun ɗin da yara ke kallo a waya, da littattafan Turancin da ake karanta musu a makarantun kuɗi, sun shigo da labarin har cikin ɗakunanmu, kuma iyayen birni sun fara shan tambaya. Ra'ayina shi ne kada mu ari wannan al'ada. Baƙuncinta bai dame ni ba, don shayi da burodi ma baƙi ne kuma sun zama 'yan gida. Abin da ya dame ni shi ne tana jan hankalin iyaye zuwa ga haƙorin da ya riga ya gama aikinsa, a daidai lokacin da ya kamata ido ya koma cikin bakin yaron.

Al'adar ba ta da tsufan da ake zato. Ambatonta mafi daɗewa da aka sani a rubuce yana cikin jaridar Chicago Tribune ta watan Satumbar 1908, a shafin shawarwarin gida, inda wata mai karatu ta ba iyaye mata dabarar shawo kan yaron da ya ƙi yarda a cire masa haƙorin da ke girgiɗi: a ce masa aljana za ta zo ta ɗauka ta bar masa tsaraba, uwa kuma ta tanadi wani ɗan abu daga kantin kayan araha. Ke nan tun asali dabarar rarrashi ce, kuma kyautar ma ba lallai ta zama kuɗi ba. A 1927 Esther Watkins Arnold ta fitar da wani gajeren wasan kwaikwayo na yara a kan aljanar, amma abin bai game gidajen Amurka ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kuɗi suka wadata a hannun iyalai, fina-finan yara kuma suka cika da aljanu masu kirki. A Sifen da ƙasashen da ke magana da harshenta, ɓera ne ke wannan aiki, sunansa Pérez. Wani limamin Kirista, Luis Coloma, shi ya rubuta labarinsa a 1894 domin Sarki Alfonso na 13, wanda a lokacin ɗan shekara 8 ne yana cikin famfara. Yaran Faransa ma ɓera suke jira.

Idan aka waiwayi al'adun da suka girmi wannan, za a ga wani abu da suka haɗu a kai. A Japan, haƙorin ƙasa ana jefa shi kan rufi, na sama kuma a jefa shi ƙarƙashin gida, domin sabon ya bi sawun tsohon ya fito a miƙe. A Koriya ana jefawa kan rufi ana roƙon wani tsuntsu ya kawo sabo. Larabawa tun zamanin jahiliyya yaro kan wurga wa rana haƙorinsa yana neman ta musanya masa da wanda ya fi kyau. Ibn Abil Hadid ya ambaci wannan a ƙarni na 13, kuma har yau ragowarsa na nan a Masar da Sudan. A wurare da yawa na Nijeriya rufin ɗaki ake jefa wa, tare da gargaɗin kada ƙadangare ya ga giɓin, wai idan ya gani haƙori ba zai fito ba. Shi kansa ɓeran Turai ba a banza aka zaɓe shi ba: haƙoran gabansa ba sa daina tsiro har ya mutu, ga shi suna huda katako, sai mutane suka yi ta miƙa masa haƙoran 'ya'yansu suna fatan samun irin nasa. Duk camfi ne, babu tantama, kuma roƙon rana ya ma wuce camfi. Amma camfi ne da ya san inda damuwa take. Kowanne daga cikinsu haƙori mai zuwa yake nema wa yaro, mai ƙarfi, fari, a miƙe. Aljanar Amurka ce ta sauya cinikin. Ta karɓi haƙori, ta biya kuɗi, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa, ba a ko ambaci wanda zai maye gurbin ba.

Mu kuwa famfara ba ta zo mana a matsayin abin da ke neman ma'ana daga waje ba. A cikin Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai daga Kano har Damagaram, an hana raba baiwa da ɗanta wajen ciniki har sai yaron ya yi famfara. Bauta ta wuce, Allah ya raka taki gona, amma ma'aunin da malaman suka zaɓa abin lura ne. Zubar haƙoran nono suka ɗauka a matsayin alamar cewa yaro ya fara iya ci da sha da kwanciya ba tare da yana manne da uwarsa ba. A daidai waɗannan shekaru ne ake umurtar yaro da salla yana ɗan bakwai, a nan ne a da ake yi wa yara maza kaciya, a nan ne kuma yau ake sa yaro aji ɗaya na firamare yana ɗan shida. Wawulon da ke bakin yaro sanarwa ce ga duk wanda ya gan shi cewa an fara ɗora masa nauyin kansa. Al'ummar da ta riga ta fahimci famfara haka, abin da ya dace da ita ranar da haƙorin farko ya faɗi shi ne ta danƙa wa yaro amanar bakinsa, ta kuma tsaya a kansa har ya iya riƙewa.

Ga abin da ke faruwa a cikin bakin. Haƙoran nono 20 ne, suna fara fitowa wajen wata shida, su kammala kafin shekara uku. Na dindindin 32 ne, kuma tun yaro na goye suke ginuwa a cikin muƙamuƙi. Idan na dindindin ya taso, sai saiwar na nonon da ke samansa ta riƙa narkewa sannu a hankali har ta ƙare. Shi ya sa idan aka ɗora haƙorin da ya faɗi a tafin hannu za a gan shi ɗan ƙanƙane, bai fi ƙwayar masara ba, gindinsa a rarake da ɗan kaifi-kaifi, babu saiwa ko kaɗan. Wasu iyayen kan tsorata su ce saiwar ta karye a ciki, alhali jiki ne ya shanye ta. Biyun gaba na ƙasa ne kan fara tafiya wajen shekara shida, na ƙarshe kuma sai wajen sha ɗaya ko sha biyu. Sabon da zai fito yakan yi wa fuskar yaron girma, launinsa bai kai na nono fari ba, bakinsa da 'yan tsage-tsage uku da tauna za ta goge daga baya. Wani lokaci ma yakan ɓullo ta bayan na nonon tun bai faɗi ba, a ga jeri biyu, kuma galibi harshe ne ke tura shi gaba ya daidaita. Duk wannan lafiya ce.

Abin da ba a gani shi ne mai muhimmancin. A daidai lokacin da gida ya ɗauka da zancen ɗan haƙorin gaba, can ƙuryar baki, bayan turmin nono na ƙarshe, wasu manyan turame huɗu ke tsago dasashi, biyu sama, biyu ƙasa. Babu haƙorin da ya faɗi domin su fito, babu jini, babu giɓi, saboda haka babu wanda ya yi musu maraba. Su ne turamen farko na dindindin. A kansu mafi yawan aikin tauna zai hau har tsufa, kuma su ne ke tsayar da jerin sauran haƙoran da za su biyo baya. Samansu na da ramuka masu zurfi da ke riƙe abinci, fatarsu ba ta gama ƙwari ba a shekarun farko, ga shi sun fi haƙoran gaba nisa daga buroshin ɗan shekara shida, wanda gogewarsa duka ba ta wuce abin da yake gani a madubi. Shi ya sa likitocin haƙori ko'ina suka san su a matsayin haƙoran dindindin da suka fi saurin yin kogo. Mafi muni, iyaye da yawa kan ɗauka na nono ne. Sai a ga baƙin ɗigo a kansu a ce a ƙyale, ai zai faɗi wani ya fito. An bar jaki ana dukan taiki ke nan: ana biyan dala biyar, ko naira dubu, a kan haƙorin da ya tafi, wanda zai zauna shekara sittin yana ruɓewa ba a leƙa shi ba.

Ko a Amurkar ma, amfani mafi girma da aka taɓa yi da haƙoran nono ba ta hannun aljana ya biyo ba. A ƙarshen 1958, a birnin St. Louis, wata likita mai suna Louise Reiss da abokan aikinta suka roƙi iyaye su riƙa aiko musu da haƙoran 'ya'yansu. Kafin a rufe aikin a 1970 an tara sama da 300,000. Abin da suke nema a ciki shi ne sinadarin sitirontiyam 90, wanda gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama ke watsawa, ya sauka kan ciyawa, shanu su ci, ya shiga madara, ya zauna a ƙashi da haƙoran yara. Sakamakon farko ya fito a 1961, ya kuma taimaka wajen matsin da ya kai Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet ga sa hannu a yarjejeniyar hana irin waɗannan gwaje-gwaje a 1963. A 1979 kuma Herbert Needleman ya auna dalma a haƙoran yara sama da 2,000 a kusa da Boston, ya nuna cewa waɗanda dalmar ta fi yawa a jikinsu sun fi samun koma-baya a gwajin basira da natsuwa a aji. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan. Haƙorin da ya faɗi rahoto ne a kan rayuwar yaro. Uba ba shi da ɗakin gwaji, amma yana da ido. Idan haƙorin ya fito fari sumul, alhamdu lillahi. Idan ya fito da rami ko baƙi a gefensa, to abin da ya ci shi yana nan a bakin, kuma bai san bambancin na nono da na dindindin ba.

A nan ne za a ce, to mene ne abin tayar da hankali a kan haƙoran da ko an kula ko ba a kula ba zubewa za su yi? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Kowane ɗaya daga cikinsu yaro ne da zai iya kwana yana kuka, ya ƙi cin abinci mai tauri, ya rasa makaranta. Turamen nono ba sa faɗuwa sai wajen shekara goma zuwa sha biyu, don haka wanda ya yi kogo a shekara huɗu yana da sauran shekara shida ko fiye na azaba, ko a cire shi. Idan kuwa aka cire tun lokaci bai yi ba, na kusa da shi kan matso su cinye gurbin, na dindindin ya zo ya rasa wuri ya fito a karkace. Idan ruɓar ta kai ga ƙurji a gindin saiwa, tana iya ɓata wanda ke ginuwa a ƙarƙashi. Sannan ba kowace faɗuwar haƙori ce famfara ba. Haƙorin da ya fita a shekara uku ko huɗu, ko dai faɗuwa yaron ya yi, ko ruɓa ce, ko wata cuta, kuma asibiti yake bukata. Aljana ba ta tantance wannan, duk wanda aka sa mata a ƙarƙashin matashi biya take yi.

Masu kare al'adar za su ce ai wasa ne, kamar tatsuniya, kuma wane yaro ne ya lalace saboda Gizo da Ƙoƙi? Gaskiya ne miliyoyin Amurkawa sun girma da aljanar haƙori ba su zama maƙaryata ba, kuma yawancin yara sukan gano gaskiya da kansu su yi dariya. Ba zan ƙara wa abin gishiri ba. Amma tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Da an ce gatanan gatananku yaro ya san an bar duniyar gaske, da an ce ƙurunƙus ya san an dawo. Aljanar haƙori ba ta da wannan ƙofa. Ana gaya wa yaro ita ce a matsayin labarin abin da ya faru a ɗakinsa daren jiya, a kafa masa hujja da kuɗin da ke hannunsa, idan ya yi shakka a ƙara masa wata ƙaryar. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Wani zai ce ai a nan an ba da kyautar. An bayar, amma an yi ƙarya a kan wanda ya bayar, kuma darasin hadisin shi ne ƙanƙantar yaro ba ta halatta a yi masa abin da ba za a yi wa babba ba. Ban da haka, a gidan da ake tofa wa yaro addu'a kafin ya kwanta domin tsari daga abin da ke yawon dare, da wane baki za a ce masa yau kam wata halitta za ta shigo ta ɗaga matashinsa, kuma ya yi murna?

Za a mayar mini da martani cewa ƙadangaren namu ma ai ƙarya ne. Ƙwarai kuwa, kuma ba na neman a riƙe shi. Ya ma fi aljanar illa ta wata fuska, domin ita faranta rai take yi, shi kuwa tsoratarwa yake, har yaro ya yini da hannu a baki a tsakar gida. Wanda ya ƙi ƙaryar waje ya rungumi ta gida bai ƙi ƙarya ba, baƙo ya ƙi. Jefa haƙori kan rufi, idan an raba shi da roƙon wani abin da ba Allah ba da kuma imani cewa shi ke fito da sabo, wasa ne kawai da yaro zai yi da hannunsa ido biyu, kowa na kallo. Wanda ya fi son ya binne, kamar yadda wasu malamai suka so a yi da gashi da farce, shi ma ya yi daidai. Abin da zan so a ceto daga tsohuwar al'adar shi ne alƙiblarta, wato damuwa da haƙori mai zuwa. Addu'ar Allah ya fito da mai kyau ta ishe mu wannan, ba sai an sa ƙadangare a ciki ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu kare aljanar ita ce ta rarrashi. Yaro ɗan shida ya ga wani yanki na jikinsa ya cire, ga jini a baki, dole ya firgita, kuma kyauta tana mayar da firgici murna. Likitocin haƙori a Amurka ma sukan yi amfani da aljanar, su ce wa yara ta fi biyan kuɗi mai tsoka a kan haƙori mai tsabta. Na yarda da rarrashin, na yarda da kyautar. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da zai sa uwa ta yi alheri ta jingina shi ga wata. A ba yaro kyautarsa hannu da hannu, a ce masa ya girma, a nuna masa ɗan farin da ya fara leƙowa a dasashi. Dabarar likitocin kuwa gajeren zango gare ta. Tana aiki ne muddin yaro ya yarda da aljanar, wato shekara ɗaya ko biyu, alhali famfara shekara shida take ɗauka, kuma ladan da take koya masa na haƙorin da zai rabu da shi ne. Sannan a tambayi inda kuɗin ke zuwa. Ɗan shekara shida da aka damƙa wa naira ɗari biyar ba asusu zai nufa ba, teburin mai alawa zai tsaya, ya haɗa da kuɗin tara ya sayi minti da cingam da hanjin ligidi da lemon roba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa ya fi kyau sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kimanin ƙananan cokula shida a yini, wannan ma ga babba, kuma kwalbar lemon zaƙi ɗaya kan zarce haka. Yawan maimaitawa ma ya fi yawan sukarin ɓarna, domin duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori sukan mayar da shi tsami mai cin haƙorin na kusan rabin sa'a. Yaron da ke tsotsar minti ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa la'asar bakinsa bai huta ba. A biya shi kuɗin tsohon haƙori ya je ya sayo abin da zai huda sabon, wannan wace irin dabara ce?

Saura masu cewa duk wannan zancen 'yan birni ne, talakan da ke neman na tuwo ina ya ga likitan haƙori. Gaskiya ne likitocin haƙori sun yi ƙaranci a Arewa da Nijar, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun taru a manyan birane da asibitocin koyarwa. Mutumin ƙauye idan haƙori ya matsa masa, kanumfari ne, ko kemis, ko mai cire haƙori a kasuwa, wasu har ruwan batir suke ɗigawa su ƙone dasashi. Amma wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Ba'amurken da ya yi sakaci galibi yana da inshora da likitan da zai cike masa ramin. Wanda ba shi da su, abin da ya rage masa shi ne kada ramin ya samu, kuma wannan ba ya cin kuɗi mai yawa: makilin mai sinadarin fulorayid, gwargwadon ƙwayar wake, safe da kuma daf da kwanciya, a tofar ba tare da an kurkure da ruwa mai yawa ba, babba na tsaye a kai har yaro ya kai shekara bakwai ko takwas. Asuwaki, wanda addini ya kwaɗaitar da shi tun kafin a ƙera buroshi, yana goge dattin haƙori sosai idan an kai shi har ƙurya, sai dai ba ya ɗauke wa makilin aikinsa. Kuma mu ne muke da dalilin leƙa bakin yara fiye da kowa. A Sakkwato akwai asibiti guda da aka buɗe a 1999 domin yaran da cutar noma ta cinye wa fuska. Cutar kan kama 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, kuma daga kumburin dasashi da warin baki take farawa, lokacin da maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabta da abinci za su iya tsayar da ita. Idan aka bar ta, cikin kwanaki take huda kunci, kuma mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a Disambar 2023. Ranar da aka buɗe bakin yaya saboda famfara, sai a jawo ƙannen su ma a duba nasu.

Dubawar ba ta ɗaukar minti biyu. A wanke hannu, a zaunar da yaro inda haske yake ko a kunna fitilar waya, ya wangame baki. A ƙirga daga tsakiya zuwa baya a kowane ɓangare: haƙoran nono biyar ne, duk wanda ya zo na shida to na dindindin ne, ko da rabinsa na cikin dasashi. A duba samansa ko akwai baƙin layi ko rami, a duba gindin haƙoran gaba ko akwai fari-fari kamar alli, wanda shi ne farkon ruɓa, a duba dasashi ko yana jini ko ya yi ƙurji. Mai girgiɗi a bar yaro ya yi ta wasa da shi da harshe har ya faɗi, ba sai an ɗaura zare an fizge ba. Idan ya fita, a danna wurin da tsumma mai tsabta, jinin zai tsaya. Wani abu kuma da ya kamata kowane malamin firamare ya sani: idan yaro ya faɗi a filin wasa haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum da saiwarsa, a riƙe shi ta kai, kada a kankare saiwar, a tsoma shi a madara a garzaya asibiti, domin cikin sa'a guda ana iya mayar da shi ya kama. Na nono ne ba a mayarwa. Tunda shekarar shiga aji ɗaya ita ce shekarar fitowar turamen nan huɗu, hukumomin ilimin firamare da na lafiya a matakin farko suna da duk yaran a wuri ɗaya a daidai lokacin da ake bukata. Ma'aikacin lafiya ɗaya da tocila zai iya duba aji guda kafin a tashi tara, ya rubuta wa iyayen waɗanda ya ga matsala takarda. Ramin da aka gano tun bai fara ciwo ba cikewa ake yi a zama ɗaya. Wanda aka bari sai kunci ya kumbura, a yawancin asibitocinmu cirewa ce makomarsa, yaron kuma ya ci gaba da tauna da ɓangare ɗaya tun yana aji huɗu.